Iri ko Gona: Wanne Ke Fitar da Matashin Kwatabak a Ƙwallon Amurka?

A shekarar 2002 wata sabuwar ƙungiya ta shigo gasar NFL ta ƙwallon Amurka, wato Houston Texans, aka kuma ba ta damar fara zaɓe a cikin dukkan matasan da suka fito daga jami'o'i a shekarar. Ta ɗauki kwatabak David Carr na jami'ar Fresno State, yaro dogo mai ƙarfin hannu. Kafin kakar ta ƙare, abokan hamayya sun maka shi da ƙasa da ƙwallo a hannunsa sau 76 a wasa 16. Har yau ba a yi wa wani irin wannan dukan a kaka guda ba. Tony Boselli, ƙaton da ƙungiyar ta ɗauko don ya tsare masa baya, ko wasa ɗaya bai buga mata ba saboda ciwon kafaɗa. A shekara biyar da Carr ya yi a Houston an kayar da shi sau 249, sannan aka sallame shi, sauran rayuwarsa ta wasa akasari a benci ya yi ta.

Tun lokacin ake gardama: Carr ne ba shi da kyau, ko Houston ce ta lalata shi? Ni da wani abokina da muke raba dare a gaban talabijin, don wasannin daren Amurka sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu suke farawa a agogon Nijeriya, mun daɗe muna wannan musu. Shi ɗan ɓangaren iri ne, yana cewa in iri na da kyau ko a kan fako ka jefa shi zai tsiro. Ni na daɗe a ɓangaren gona. Yanzu na ɗan gusa daga inda nake tsaye, zan kuma faɗi abin da ya gusar da ni.

Ga wanda ƙwallon ƙafa kaɗai ya sani, bari in share fage. Kwatabak shi ne jagoran masu kai hari, kusan kowane hari ta hannunsa yake bi. Akwai 'yar rediyo a cikin hular kwanonsa da koci ke gaya masa dabarar da za a yi, amma ana yanke ta idan ya rage daƙiƙa 15 a cikin 40 ɗin da aka ba su su fara. Daga nan sai shi da idonsa. Zai dubi mutum goma sha ɗaya da ke gabansa, ya gano wanda zai rugo masa da wanda zai ja da baya, in ya ga dabarar koci ba za ta yi ba ya canza ta da ihu. Ƙatti biyar ne a jere suke tsare shi, su nake kira 'yan katanga. Da an miƙo masa ƙwallo, abin da yake da shi bai cika kaiwa daƙiƙa uku ba. Ya duba mai cafkewa na farko, in a rufe yake ya koma na biyu, ya koma na uku, sannan ya jefa ƙwallon inda mutumin zai kasance nan da ƙiftawar ido. Duk wannan, wani mai kilo 120 na tahowa ta bayansa. Idan mutum ɗaya a katanga ya yi sake, ko mai cafkewa ya karkata hagu alhali dama aka shirya, sunan kwatabak jarida za ta rubuta.

Sai kuma tsarin ɗaukar 'yan wasa. A Turai, yaro mai baiwa shi da wakilinsa ke zaɓar kulob. A NFL ƙungiyoyi 32 ne ke zaɓe bi da bi, zagaye bayan zagaye, a ƙarshen watan Afrilu, kuma wadda ta fi kowa shan kashi bara ita ke fara ɗauka. Da gangan ake kai iri mafi kyau gona mafi lalacewa. Shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa, don da wuya mu ga yaro mafi baiwa a gida mafi tsari.

To ka ɗauka kai ne mai yanke shawara a irin wannan ƙungiya, zaɓen farko na hannunka. Ko dai ka ɗauki yaron da kowa ke yabo ka jefa shi cikin gidan yadda yake, ko ka sayar da damar, ka tara zaɓuka, ka gyara katanga da masu cafkewa, daga baya ka nemi kwatabak mai matsakaiciyar baiwa. Hanyar da na ga ta fi dacewa a auna biyun ita ce a nemo inda abu ɗaya ya tsaya cak, ɗayan ya canza.

Mutum ɗaya, gida biyu

Jared Goff shi ne misalin da ya fi fita fes, don shi ko ƙaura bai yi ba, masu gidan ne suka canza. Rams ta ɗauke shi a zaɓen farko na 2016. Ya fara wasa bakwai a kakarsa ta farko aka cinye shi duka bakwai, jifan ci (jifan da ya haifar da maki) 5, abokan hamayya sun cafke masa 7. An kori koci Jeff Fisher tun kafin kakar ta ƙare, mutane suka fara cewa an yi asarar zaɓe. A Janairun 2017 aka kawo Sean McVay yana ɗan shekara 30, aka ɗauko Andrew Whitworth ya tsare gefen hagu na katanga, aka kawo Robert Woods, aka zaɓo Cooper Kupp. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe wajen cin maki a 2016 ita ta zo ta farko a 2017, Goff kuma ya yi jifan ci 28. Hannun nan ne dai, kan nan ne dai. Ɗaya daga cikin dabarun McVay ita ce ya sa yaransa su yi maza su jeru tun rediyo ba ta yanke ba, shi ya karanta 'yan tsaro daga gefen fili ya raɗa wa Goff amsa a kunne. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na Sam Darnold ya fi ban tausayi, kuma na kalli daren da ya karye. Litinin ce, a Oktoban 2019, New York Jets da New England Patriots. An maƙala masa makirufo don shirin talabijin. Mutanen Bill Belichick, kocin Patriots a lokacin, suka riƙa cika layi kamar su duka za su rugo, wani lokaci su rugo ɗin, wani lokaci su watse baya da an miƙo ƙwallo. Yaron ya rasa gane gabas da yamma. Yana jifa yana ja da baya, ƙafafunsa ba su kafu ba, har sau huɗu yana saka ƙwallo a hannun abokan hamayya. Kyamara ta kama shi zaune a gefen fili yana cewa fatalwa yake gani, aka kuma watsa wa duniya. An tashi 33 da nema. Shekararsa 22.

Jets ta sayar da shi ga Carolina a 2021, can ma bai haska ba. A 2023 ya yarda ya zauna a benci a San Francisco ƙarƙashin koci Kyle Shanahan, shekara guda yana koyo ba mai dukansa. A 2024 Minnesota ta ɗauke shi a kwantiragin shekara ɗaya a matsayin mai riƙon ƙwarya, sai yaron da suka zaɓa, J.J. McCarthy, ya ji ciwo a gwiwa tun kafin a fara kaka. Da koci Kevin O'Connell a gefe da mai cafkewa irin Justin Jefferson a gaba, Darnold ya ci wasa 14 cikin 17, da jifan ci 35. Abokina ya samu abin faɗa a Janairun 2025, lokacin da Rams ta kayar da shi sau tara ta fitar da su, ya ce fatalwar ta dawo. Sai ga shi a Fabrairun 2026 Darnold ya ɗaga kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, da Seattle, ƙungiya mai tsaro kamar ƙarfe, kuma a kan Patriots ɗin nan dai.

Alex Smith, zaɓen farko na 2005 a San Francisco, ya yi jifan ci ɗaya tal a kakarsa ta farko, aka cafke masa 11. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a shekarunsa biyar na farko masu tsara hari biyar daban-daban ya yi aiki da su. Kowane mai tsara hari da kundinsa yake zuwa, da sunayen da yake kiran dabaru, da yadda yake so a taka ƙafa. Kamar ɗalibi ne a riƙa canza masa harshen koyarwa duk shekara sannan a ce ya kasa jarrabawa. Da Jim Harbaugh ya zo a 2011, Smith ya ci wasa 13 cikin 16.

Da nan labarin ya tsaya, da gona ta yi nasara, da na rufe bakin abokina tuntuni.

Gida ɗaya, mutum biyu

A 2021 San Francisco ta kashe zaɓen zagayen farko har uku don ta hau ta ɗauki Trey Lance a matsayi na uku. Gida ne da kowane matashi zai yi mafarkinsa: Shanahan na tsara hari, Trent Williams a katanga, George Kittle da Deebo Samuel na cafkewa. Lance wasa huɗu kawai ya fara musu. Gaskiya ya karye a idon sawu a mako na biyu na 2022, don haka ba a yi masa cikakken gwaji ba. Amma a shekarar ne ƙungiyar ta ɗauki Brock Purdy a matsayi na 262, mutum na ƙarshe a zaɓen gaba ɗaya. Da Jimmy Garoppolo, wanda ya maye gurbin Lance, ya ji ciwo a Disamba, Purdy ya shiga ya ci wasa biyar a jere, a kakar da ta biyo baya ya kai su Super Bowl, aka kuma sayar da Lance ga Dallas a kan zaɓen zagaye na huɗu. Koci ɗaya, kundi ɗaya, abokan wasa ɗaya. Lance ya fi tsawo, ya fi gudu, ya fi ƙarfin jifa. Abin da Purdy ya zo da shi shi ne shekara huɗu yana jagoranci a Iowa State, fiye da wasa 40, alhali Lance 17 ya fara a jami'a. Idonsa ya riga ya ga abubuwa.

Denver ma ta gwada. Tana ɗauke da kofin Super Bowl ta zaɓi Paxton Lynch a zagayen farko na 2016. Ya kasa ƙwace wuri daga hannun Trevor Siemian, ɗan zagaye na bakwai, ya fara wasa huɗu aka sallame shi. Gida mai kyau bai ƙara masa komai ba.

Amma misalin da ya gusar da ni shi ne na Kansas City. Alex Smith ɗin nan da muka ce gona ta cece shi ya koma hannun Andy Reid a 2013, ya yi shekara biyar lafiya lau. A 2017 ya yi kakarsa mafi kyau: jifan ci 26, an cafke masa 5 kacal. A shekarar ce Reid ya tsallako daga matsayi na 27 zuwa na 10 ya ɗauki Patrick Mahomes, ya ajiye shi a benci. A 2018, da Reid ɗin, da masu cafkewa Travis Kelce da Tyreek Hill ɗin, Mahomes ya yi jifan ci 50 da yadi sama da 5,000, aka ba shi gwarzon shekara. Smith wasa ɗaya ya ci musu a zagayen sili-ɗaya-ƙwale cikin shekara biyar. Mahomes ya kawo kofi uku. Da aka sayar da Hill ga Miami a 2022, ana cewa yanzu za a san maci tuwo tunda miya ta ragu, sai ya sake ɗaukar gwarzon shekara da kofi a kaka guda.

Mu koma kan Goff da raɗar McVay. A Super Bowl na Fabrairun 2019, Belichick ya sa 'yan tsaronsa su nuna fuska ɗaya, su jira lokacin raɗa ya wuce, sannan su sauya. Aka bar Goff da idonsa. Rams maki 3 ta ci a daren. Bayan shekara biyu McVay ya haɗa Goff da zaɓen zagayen farko guda biyu da na zagaye na uku ya miƙa wa Detroit don ya karɓi Matthew Stafford. Kocin da ya fi kowa nuna wa duniya ƙarfin gona shi ne ya biya wannan kuɗi don ya sayi iri. Stafford kuwa ya yi shekara 12 a Detroit bai ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba, ya zo Rams ya ɗaga kofi a kakarsa ta farko. Shi kaɗai hujja ne ga ɓangarorin biyu, ni da abokina kowa na jan sa nasa gefen.

Abin da na fahimta daga gwaje-gwajen nan biyu shi ne ba aiki ɗaya iri da gona suke yi ba. Gida mai kyau yana ɗaga yaro daga zama abin dariya zuwa zama ɗan wasan kirki, wani lokaci ma, in tsaro ya kai, har ya kai shi ga kofi. Daga ɗan wasan kirki zuwa wanda ake tsoro duk shekara kuwa, wannan tsallen daga cikin yaron yake fitowa.

Akwai 'yan tsirarun da ke ɗaukar gida a ka. Peyton Manning ya shiga Indianapolis a 1998, aka cafke masa jifa 28, ƙungiyar ta ci wasa 3 aka ci ta 13. Shekara ta zagayo suka juya lissafin, 13 da 3. Andrew Luck ya tarar da Colts ɗin ta ci wasa 2 a 2011, ya kai ta 11 a kakarsa ta farko. Joe Burrow ya kai Cincinnati Super Bowl a shekararsa ta biyu duk da an kayar da shi sau 51 a kakar, fiye da kowa, a Janairun 2022 kuma Tennessee ta maka shi da ƙasa sau tara a wasa guda, ya riƙa miƙewa yana kaɗe jiki har suka ci 19 da 16. Waɗannan su ne abokina ke jero mini. Ni kuma sai in ce ya dubi kuɗin da aka biya. Burrow ya tsinke jijiyar gwiwa a Nuwamban kakarsa ta farko. Luck ya tsaga ƙoda a 2015, kafaɗa ta hana shi buga kakar 2017 gaba ɗaya, a Agustan 2019 ya ajiye wasa yana ɗan shekara 29. Manning, wanda ya daɗe, shi ne wanda ƙungiyarsa ta bar masa mai tsara hari ɗaya, Tom Moore, sama da shekara goma. Ko Mahomes da kansa, ranar da ya shiga Super Bowl na Fabrairun 2021 babu manyan 'yan katangarsa na gefe biyu, gudun ceton rai ya yi ta yi, Tampa Bay ta ci su 31 da 9. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kansas City ba ta yi gardama ba, ta sake katangar kusan gaba ɗaya kafin kaka ta gaba.

Sannan me ake nufi da baiwa? A nan masu zaɓe suka fi faɗawa rami. Abin da ake iya aunawa da tef da agogo, wato tsawo da gudu da nisan jifa, shi ke ɗaukar ido a watan Afrilu. Ryan Leaf, wanda aka ɗauka nan da nan bayan Manning a 1998, da yawa suna ganin ya fi shi ƙarfin hannu. Jifan ci 2 ya yi a kakarsa ta farko, aka cafke masa 15. JaMarcus Russell, zaɓen farko na 2007, hannunsa kamar igwa, shekara uku Raiders ta sallame shi. Baiwar da ke tsira a NFL ita ce saurin karanta fili, da saka ƙwallo daidai hannun mutum, da juriyar zama gaban bidiyo ana nazarin abokan hamayya, da iya mance jifan da ya ɓaci kafin na gaba. Ko kayarwar nan da muke ɗora wa katanga, wani kaso nata na kwatabak ne, don wani yana riƙe ƙwallo yana jiran abin da ba zai zo ba. Ƙanin David Carr, wato Derek, ya taso yana kallon dukan da wansa ke sha. Da ya shiga Raiders a 2014, ƙungiyar da ta ci wasa 3 kacal a shekarar, sau 24 aka kayar da shi, an kuma san shi da saurin rabuwa da ƙwallo.

'Yan ajin 2018 sun isa a tsaya a kansu, don kwatabak biyar aka ɗauka a zagayen farko. Baker Mayfield, na ɗaya, ya tarar da Cleveland da ba ta ci wasa ko ɗaya ba a 2017, ya yi aiki da manyan kociyoyi huɗu cikin shekara uku, sai a Tampa Bay ya samu natsuwa har ya yi jifan ci 41 a 2024. Darnold, na uku, mun ji labarinsa. Josh Rosen, na goma, shekara ɗaya Arizona ta ba shi, bai sake tashi ba a ko'ina. Biyun da aka fi shakka a kansu su suka zama gwarazan shekara. Lamar Jackson, na 32, ya faɗa Baltimore inda a lokacin John Harbaugh ke koci tun 2008, aka rushe tsarin hari aka sake gina shi a kan gudunsa. Josh Allen, na bakwai, ya zo Buffalo jifansa ba saiti: kashi 52.8 cikin ɗari ke isa hannun nasa a 2018, kashi 58.8 a 2019, sai kashi 69.2 a 2020. Buffalo ta bar masa koci ɗaya da mai tsara hari ɗaya, Brian Daboll, shekara huɗu, ta sayo masa Stefon Diggs. Shi kuma duk hutu yana wajen mai horarwa na kansa yana gyara takun ƙafa da juyin ƙugu. Raba wannan gida biyu ka ce ga na iri ga na gona, ba na jin zai yiwu. Da a Jets aka jefa Allen na 2018, ina kyautata zaton da tuni an manta da shi. Da kuma wani mara naci aka ba Daboll, da haƙurin Buffalo ya tafi a banza.

A kan zaman benci ba zan daɗe ba. Aaron Rodgers ya zauna shekara uku bayan Brett Favre, Mahomes ya zauna guda, sai ake cewa zama ne sirrin. Manning da Luck da Burrow ba su zauna ba. Ni a ganina ƙungiyar da ke iya ajiye yaro a benci ita ce wadda dama take da kwatabak mai kyau da kocin da ba ya fargabar kora, don haka zaman alama ce ta gida mai lafiya fiye da zama magani.

Kuɗi ma ya shigo. Sam Bradford ya samu tabbacin dala miliyan 50 a 2010 tun bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Daga 2011 aka ƙayyade albashin sababbi, Cam Newton ya samu kimanin miliyan 22 na shekara huɗu. Tunda yaro ya yi araha, ƙungiyoyi suna gaggawar saka shi don su mori arahar, suna kuma gaggawar jefar da shi. Cikin kwatabak biyar ɗin da aka ɗauka a zagayen farko na 2021, huɗu sun bar ƙungiyoyinsu kafin a fara kakar 2024.

To wace hanya za ka bi? Ni dai in zaɓen farko na hannuna, kuma na tabbata baiwar yaron ta kai ce, ba ta hannu kaɗai ba, zan ɗauke shi. 'Yan katanga da masu cafkewa ana samun su duk shekara, a kasuwa ko a zaɓe. Irin Burrow ba ya zuwa duk shekara, in ka gyara gida kuma ba za ka sake zuwa na ƙarshe ba balle ka samu damar ɗaukarsa. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, a daidaita maganar koci kafin a ɗauki yaro. Chicago ta yi kuskuren nan har sau uku: ta ɗauki Mitchell Trubisky a 2017, tana tsallake Mahomes, ta kori John Fox a ƙarshen kakar, ta ɗauki Justin Fields a 2021 ta kori Matt Nagy a ƙarshen kakar, ta ɗauki Caleb Williams a 2024 ta kori mai tsara hari da babban koci ana tsakiyar kaka, yaron ya sha kayarwa sau 68. Kocin da wuƙa ke wuyansa ba renon yaro ne a gabansa ba, Lahadi mai zuwa ce. Na biyu, kada a sayar da gona don a sayi iri. Carolina ta ba da mai cafkewarta mafi kyau, D.J. Moore, haɗe da tarin zaɓuka don ta ɗauki Bryce Young a 2023. Yaron ya iso ba wanda zai jefa wa, aka kori koci Frank Reich bayan wasa 11, aka gama kaka da nasara 2, zaɓen farko na 2024 da wahalar ta haifa kuma Chicago ce ta ci moriyarsa.

In kuwa zuciyarka na rawa a kan yaron, in abin da ya burge ka nisan jifa ne da faɗin ƙirji, sayar da damar ka gina gida. Akwai kasuwar waɗanda wasu suka jefar, kuma Mayfield da Darnold da Goff na Detroit, wanda ya ci wasa 15 a 2024, sun nuna ana tsintar dami a kala. Sai dai ka sani da irin wannan kwatabak dole komai ya zauna daidai a lokaci guda, katanga da tsaro da lafiyar 'yan wasa, kuma da mai tsara harinka ya haska wata ƙungiya za ta ɗauke shi ta ba shi babban koci.

Ga mai kallo irina kuwa, na daina yanke wa yaro hukunci kafin ya yi kaka biyu da kundi ɗaya. Ina duba inda idonsa yake lokacin da katanga ta fara tsagewa, ko a kan masu cafkewa ko a kan masu rugowa. Bidiyon Carr na shekarun baya-baya yana nuna mutumin da idonsa ya riga ya sauko ƙasa.

Shi kansa yaron wani lokaci yakan yi nasa zaɓen. John Elway ya ƙi zuwa Baltimore Colts a 1983 har aka sayar da shi ga Denver. A 2004 Eli Manning ya sanar cewa ba zai buga wa San Diego ba. Mahaifinsa Archie ya san zafin abin a jikinsa, don ya yi sama da shekara goma a New Orleans yana shan duka, ƙungiyar ba ta taɓa gama kaka da nasara fiye da rashin nasara ba. San Diego ta ɗauki Eli duk da haka, ta musanya shi da Philip Rivers na New York Giants a ranar. Eli ya ci kofi biyu a New York. Gonar da ya guda kuwa tana da taurari irin su LaDainian Tomlinson da Antonio Gates a ciki, ta ci wasa 12 a shekarar da ya ƙi ta, Rivers ya zauna shekara biyu bayan Drew Brees, a kakarsa ta farko ta jagoranci, 2006, suka ci 14 cikin 16.